Wankan Jegon Kellu

Ranar da Kellu ta cika kwana goma sha shida da haihuwa ta kasa taka matakalar gidan likita. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ya ƙi shiga. Sai da Wasila, ƙanwar mijinta, ta karɓi jaririn ta tallafe ta da ɗaya hannun.

"Ke matar yaya, wannan ƙibar jego ce ko gero kika ɓoye a zani? Bana fa duk wanda aka kama da gero sai ya raba."

Kellu ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Ta dafa bango tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutse da tulu a ka.

Rigakafin yaro ne ya kawo su. Amma Madam Balki, malamar awo, da ta ga ƙafar sai ta ajiye allura ta ja Kellu bayan labule. Wani porje ne, shirin taimako na ƙasashen waje, ya kawo musu na'urar duba zuciya, ƴar ƙarama kamar tocila, haɗe da allo mai kama da babbar salula. Ta shafa wa Kellu wani abu mai sanyi a ƙirji ta ɗora na'urar. Kibiya ta fito a allon tana nuna mata ta matsa hagu, ta karkata ƙasa, ta tsaya. Wasila ta leƙa. Wani abu ne toka-toka yake motsi a hankali, kamar tsohuwa tana tafi ba ƙarfi.

Allon ya yi ja.

"Ni ba likitar zuciya ba ce," in ji Madam Balki. "Abin nan an koyar da shi da hotunan zuciya dubu-dubu, shi yake nuna mini inda zan sa hannu, shi yake aunawa. Lafiyayyar zuciya tana tura fiye da rabin jinin da ya shige ta a bugu guda. Taki kashi ashirin da huɗu cikin ɗari take turawa. Kina wankan jego?"

"Safe da yamma."

"Kunun kanwa?"

"Kwano uku a rana," Wasila ta amsa, don ita ke damawa.

"A daina duka yau. Kanwa tana tara mata ruwa a jiki, zafin yana gajiyar da zuciyar. Ruwa ɗumi-ɗumi ya ishe ta. Ga ƙwayoyi. Na'ura tana iya kuskure, shi ya sa za ki dawo alhamis ta sama a sake. In ta sake yin ja, motar porje za ta kai ki babban lopital wurin likitan zuciya. In ba ki zo ba, mu za mu zo har gida."

Ta rubuta komi a karnen Kellu, wannan ɗan littafin awo mai shuɗin bango.

Inna Indo tana tsakar gida tana ɗaure ganyen darbejiya lokacin da suka dawo. Uwar Wasila ce, surukar Kellu, kuma a lungunan Birni babu matar da ta haihu shekara talatin ɗin nan ba ta san nauyin hannunta ba. Wankan jego sana'arta ce. Ta saurari bayanin har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba.

"Ita wannan aba ta taɓa haihuwa?"

"Inna, Madam ta ce..."

"Madam ɗin ni na wanke uwarta ko ba ni ba? Je ki tambaye ta. Ɗanyen jiki ne ke damun yarinyar nan, sanyi ya shige ta tun a ƙauyensu. Wuta ce ba ta ratsa ta ba. Tashi ki ƙara ice."

Bana ruwan sama ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Mutanen Kellu sun kulle bukkokinsu can wajen Gidimuni sun tafi cin rani, shi ya sa ba ta je wankan gida ba. A Damagaram kuwa famfo sai ya kwana huɗu bai ɗiga ba, mata suna layi da bidon, jarkokin ruwa, tun daga bakin masallaci. Amma a gidan Inna Indo bidon huɗu ake tafasawa da safe, huɗu da yamma, a rabin tano, wato gangar ƙarfe, hayaƙin yana tashi kowa yana gani. Maƙwabta suna cewa ka ga surukar kirki, a shekarar da ake wanke yaro da moɗa guda.

Da la'asar Suma'ila ya dawo daga lakwal, makarantar boko. Mijin Kellu ne, mushe ne, wato malamin makaranta, mai koyar da aji shida, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Wasila ta miƙa masa karnen a zaure. Ya karanta sau biyu.

"Yaya, ka yi wa Inna magana."

"Me Madam ɗin ta ce game da na'urar? Faɗa mini yadda ta faɗa."

"Ta ce tana iya kuskure, shi ya sa..."

"To kin ji. Ita da bakinta." Ya rufe littafin. "Ba a tabbatar ba tukuna. Zan tada hankalin tsohuwa kan abin da ba a tabbatar ba?"

Ƙwayoyin kwana biyu kawai Kellu ta sha. Sun sa ta yawan fitsari, ƙafar ta fara saɓewa, ta samu barci. Inna ta ce abin da ke zuƙe ruwan jikin mai jego zai ƙafar da nono, ta kwashe su ta jefa a murhu.

Wanka ya ci gaba. Wasila ke hura wuta, ita ke kai ruwan bayan ɗaki yana tafarfasa. Inna ta tsoma ganye ta fyaɗa a baya, ta fyaɗa a ciki, ta fyaɗa a ƙirji, tururi ya rufe su. Daga waje ana jin Kellu tana "wash, Inna, numfashina," ana jin Inna tana "daure, ƴar nan, ciwon ne ke fita." In an gama a kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, a miƙo kwanon kunu, kanwar har tana ɗaci.

Ran laraba da hantsi Inna ta kira Wasila ɗakinta ta tura ƙofa.

"Gobe ce alhamis ɗin tasu."

"Eh, Inna."

"In ta je abin ya sake yin ja, su ɗauke ta a mota. In ba ta je ba, su zo su tsaya mini a ƙofar gida da farar riga, Birni duka ta fito kallo. A ce surukar Indo an hana ta wankan Indo. Wace uwa za ta sake kawo mini ƴarta?" Ta jawo karnen daga ƙarƙashin matashi. "Tsayinku ɗaya. Ki sa hijabinta, ki sa takunkumi a baki, ki goya yaron. Na bincika, Madam ɗin taku ta tafi ƙauyuka awon yara masu tamowa, wata baƙuwa ce za ta zauna."

Wasila ta ja da baya.

"Inna, wannan ai..."

"Ai me? Kwana arba'in kawai nake so a bar ni in cika. In na gama ku kai ta Faransa ma. Ke da kika dawo mini da akwati da ƴa a hannu, wa ya buɗe miki ƙofa? Ko ki ɗauki karnen nan, ko ki ɗauki akwatin."

Shekara guda ke nan da auren Wasila ya mutu. Ba ta da ɗaki sai wannan, ba ta da tuwo sai na wannan tukunya. Ta nemi yayanta, ta same shi yana goge takalmi. Ta faɗa masa. Bai daina gogewa ba.

"Ni ban ji wannan maganar ba," ya ce. "Ina da jarrabawar yara gobe."

Kellu kuwa aka ce mata an ɗage ranar, yaro kawai za a kai awo.

Gidan likita ya cika maƙil da matan ƙauye da yunwa ta koro, yara kwance a cinya idanu sun faɗa. Baƙuwar malamar ƙaramar yarinya ce, gumi ya jiƙa mata riga. Ta karɓi karne ba ta ko dubi fuska ba.

"Kellu? Kwanta."

Wasila ta kwanta. Sanyin abin ya taɓa ƙirjinta. A allon ta ga tata zuciyar tana dunƙulewa tana buɗewa da ƙarfi, kamar hannun mai kirɓa fura. Allon ya yi kore. Sai wani rubutu ya fito a ƙasa, malamar ta haɗe gira.

"Sittin da biyu. Daga ashirin da huɗu? Na'urar ta ce wannan hoton bai yi kama da na farko ba, wai a sake."

Aka sake. Sittin da ɗaya. Rubutun ya sake fitowa. Malamar ta dubi allo, ta dubi layin da ya kai har bakin titi, wani yaro yana amai a ƙofa.

"Wataƙila na farkon ne bai ɗauku da kyau ba. Me kika sha haka?"

Inna, da ke tsaye riƙe da jariri, ta amsa da murya yadda duk benci zai ji.

"Wanka da kunu, ƴata. Abin iyaye da kakanni."

Malamar ta buga tambari, ta soke sunan Kellu daga jerin waɗanda mota za ta ɗauka.

Kafin azahar labari ya zaga Birni. Mata suka riƙa shigowa, Inna tana buɗe musu shafin, ja a sama, kore a ƙasa. "Ga shi, na'urar nasara da kanta. Ta ga ciwo, na yi kwana goma ina wanka, ta nemi ciwo ta rasa." A mako guda aka kawo mata masu jego uku.

Kellu tana ɗaki tana ji. Da Wasila ta shigo da kunu ta same ta zaune, an jera mata matashi uku a baya, don yanzu in ta kwanta ruwa ne ke taso mata a ƙirji.

"Ƙanwar miji."

"Na'am."

"Wai na warke."

Wasila ta ajiye kwanon.

"Yaushe suka gan ni? Ni dai ban fita ba." Ta tsaya ta ja iska. "Hijabina yana ƙamshin turarenki."

"Kellu, wallahi Inna ce..."

"Na sani." Ta yi ɗan murmushi, leɓenta ya yi duhu. "To tunda da sunana aka rubuta zuciyarki, ki ba ni aron ta mana. Kwana goma sha huɗu kawai. In na cika arba'in in maido miki."

Wasila ta fita da gudu ta shige bayan ɗaki, ta toshe baki da zani.

Daga nan kwanakin suka riƙa cin Kellu a fili. Kumburi ya bar ƙafa ya hau cinya, ya hau ciki, har aka ce kamar ba ta haihu ba. In ka danna ƙaurinta yatsa ya nutse, ramin ya zauna. Ta daina ɗaukar yaro, sai a ɗora mata shi ya sha a janye. Daga ɗaki zuwa wurin wanka taku goma ne, tana hutawa sau biyu. Ran kwana talatin ta faɗi a cikin tururi, Inna ta ce alama ce mai kyau, jiki ya fara karɓar wuta.

Wasila ta fara sata. Tana sirka ruwan da na sanyi in Inna ta juya baya, tana rage kanwa a kunu. Bayan kwana biyu Inna ta tsoma gwiwar hannu a bokiti ta ɗago ta kwaɗa mata mari.

"Kashe mini ita za ki yi? Da ruwan alwala ake wankan jego?"

Daga ranar Inna da kanta take dama kunu.

Suma'ila ya koma kwana a zaure, wai tarin yana hana shi shirya darasi. Kowace rana da irin amsarsa. Ran litinin ya ce takarda ta ce lafiya lau, shi ba zai yi gardama da takarda ba. Wasila ta ce, "Yaya, ka san ƙirjin wa aka auna." Ya ce shi bai ga komi da idonsa ba. Ran talata ya ce saura kwana tara, mutum ya yi haƙurin talatin da ɗaya zai kasa tara? Ran laraba ya ce uwa uwa ce, wanda ya saɓa mata ba ya gamawa lafiya. Ran alhamis ya sayo wa Kellu tsire mai yaji, ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa, bai shiga ba.

"Mushe," Kellu ta kira shi, da sunan da take tsokanarsa da shi. "Ba ka zauna?"

"Ana jira na a masallaci."

Tsiren ya kwana a takardarsa.

Ran kwana talatin da bakwai da safe aka aiko wa Inna, wata ta haihu a unguwar Kara-Kara. Ta ɗauki ganyenta ta ce a ɗora ruwa kafin ta dawo. Wasila ta shiga ɗaki ta tarar da Kellu ta dafa gwiwa tana tari, abin da ke fitowa kumfa ne mai ja-ja. Idanunta sun firfito, tana buɗe baki kamar kifin da aka fid da shi daga tafki.

Wasila ba ta ɗora ruwa ba. Ta goya jaririn, ta fita ba ko takalmi ta taro adaidaita. Lungun ya yi ƙunci, yashi ya hana shi shigowa, sai da ita da mai keken suka ɗauko Kellu a tabarma har bakin hanya, mata suna leƙe ta katanga.

Madam Balki ta dawo daga ƙauyuka. Tana ganin su ta miƙe.

"Wannan ba ita ce aka ce ta warke ba? Na yi mamaki, na ce in na huta zan leƙo..."

"Ni ce na zo," in ji Wasila. "Ni aka auna. Da karnenta."

Madam Balki ta dube ta, dubawar da Wasila za ta fi son mari a kanta. Ta ɗora na'urar a ƙirjin Kellu. Wannan karon ko Wasila ta gane. Zuciyar ta buɗe ta yi faɗi kamar salka, gefenta kawai ke ɗan rawa.

"Goma sha uku," Madam Balki ta faɗa a hankali. Sannan ta ɗaga murya. "A kira mota! Yanzu!"

A babban lopital aka sa mata abin numfashi, aka yi mata allurai. Likitan zuciya, wani dattijo mai furfura, ya duba hoton farko ya duba na yau, ya tambayi kwana nawa tsakani. Aka ce ashirin da ɗaya. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Da wancan makon kuka kawo ta, da muna da abin yi da yawa," ya ce. "Za mu gwada."

Suma'ila ya iso da azahar da alli a hannun riga. Ya tsaya a baranda yana tambayar Wasila wa ya ba ta izinin fitar masa da mata.

Kellu ta kwana ɗaya. Washegari bayan la'asar ta nemi a kawo mata yaro, aka ɗora mata shi a kafaɗa. Ta dubi Wasila ta motsa baki, Wasila ta sunkuya.

"Kar a ba shi... ruwan randar waje. Ba a tace ba."

Shi ke nan abin da ta ce. Kafin magariba aka ja mata zani.

Ran sadakar uku tsakar gida ta cika da mata. An shimfiɗa tabarmi har inda ake ajiye tano. Inna tana tsakiya, idanunta sun kumbura don kuka, kuma kukan na gaske ne, abin da ya fi ƙona wa Wasila rai ke nan. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta ji labarin daga farko.

"Kwana uku ya rage. Uku! Yarinya ta warke, ga takarda. Na juya baya na je taimakon wata baiwar Allah, aka ɗauke ta da ɗanyen jiki aka fita da ita cikin iska, aka kai ta ɗaki mai sanyi aka yi ta huda ta da allura. Wanka uku ta rasa. Uku kawai, kun ga abin da ya faru."

"Allah sarki," mata suna cewa. "Wanka ba a katse shi."

"Su dai waɗannan na'urori, in suka ga mutum sai sun samo masa ciwo."

"Yaran yanzu ba su jin magana."

Idanu suka riƙa zamewa zuwa inda Wasila take zaune da marayan a cinya. Ta miƙe tsaye.

"Ba ta warke ba. Ba ta taɓa warkewa ba. Wannan koren da ake nuna muku nawa ne, ni na sa hijabinta na je aka auna ni. Inna ce ta aike ni, yaya ya sani. Na'urar ma ta faɗa, sau biyu ta ce ba zuciyar ba ce. Wankan ne ya..."

Muryarta ta karye.

Wata tsohuwa ce ta fara magana. "Ku zaunar da ita. Rashin ya taɓa ta."

"Tun da aurenta ya mutu ba ta dawo daidai ba."

"Laifi ne ke cin ta, baiwar Allah. Ita ta fitar da ita, dole ta nemi wanda za ta ɗora wa."

Aka kama ta aka zaunar, wata ta tofa mata addu'a a ka, wata ta ba ta ruwa a moɗa. Daga zaure, inda maza suke, Wasila ta ji muryar yayanta yana amsa wa wani: "Kwana ne ya ƙare, Malam. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu."

Babu wadda ta ce a je a tambayi Madam Balki. Gidan likita tafiyar minti goma ne daga nan, kuma a cikin matan akwai waɗanda suka ga ƙafar Kellu da idonsu, suka ji tarinta ta katanga kwana ashirin. In sun yarda da Wasila, sai kowacce ta tuna ƙanwarta ko ƴarta da ta kumbura a jego aka ce sanyi ne, aka ƙara wuta. Hauka ɗaya ya fi musu sauƙin ɗauka.

Da aka shafa fatiha mata suka fara miƙewa. Wata ta matso kusa da Inna, tana jan hannun ƴarta Rabi, yarinya mai tsohon ciki, ƙafafunta sun ɗan tasa a cikin silifa.

"Gwaggo Indo, ba lokacin magana ba ne, amma watanta ya kama. Ke nake so ki wanke mini ita. Kuma ni ba zan bari kowa ya fitar da ita ba sai ta cika arba'in cif."

Inna ta share hawaye da bakin mayafi, ta kama hannun yarinyar ta shafa.

"Kawo ta nan gidan ma, ɗaki ya samu. A gabana za ta zauna." Ta juya. "Wasila, in kin gama kukan, ki wanke tanon nan. Ya yi kwana huɗu ba a taɓa shi ba."